Kafar Iska a Ɗakin Maijego

Duk wanda na gaya wa a gida cewa ana sanyi a Riyad sai ya yi mini kallon wanda ya tashi da ƙarya tun da sassafe. Su dai abin da suka sani ƙasar Larabawa rana ce da rairayi. To ni na zauna a mulhak, wato ɗakunan nan da ake ɗorawa can saman bene bayan an gama ginin gaske, a unguwar Nasim. Bangon siriri ne, ba abin da ke maƙwabtaka da mu sai tankunan ruwa da tattabarai. Da zafi ɗakin tanda ne. Da ɗari kuwa, in ka kuskure baki da ruwan famfo sai ka ji shi har cikin kunne.

A tsakiyar irin wannan ɗari matata ta haihu, haihuwar fari, aka samu mace. Na nema wa mahaifiyarta bizar ziyara ta taso daga Malumfashi don ta yi mata wankan jego. Inna muke ce mata. Ta iso da gero da kanwa da yaji da daddawa, har da muciyarta, don ta ce ba ta yarda da muciyar wata ƙasa ba. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta da hayaniya, amma in ta ajiye abu a wuri, nan zai zauna.

Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba. In zan gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa kaina a ƙasa, ita kuma ta amsa tana duban bango. Ba ta kiran sunana, ba ta cin abinci in ina kusa. A gida wannan ba wuya, akwai zaure, akwai tsakar gida, kowa da hanyarsa. Amma a mulhak mai ɗaki ɗaya da ɗan falo, kunya sai ta zama wani aiki na daban. Na bar musu ɗakin na koma falo da kwana, kuma ko banɗaki zan shiga sai na yi gyaran murya kamar mai shirin kiran salla.

Aikina a unguwar Sulai yake, a wani babban sito na magunguna, ni ke kula da injinan ɗakunan sanyi. Ranar da matata ta yi wa Inna bayanin aikin, ina falo na jiyo ta tana cewa, "Wato mutum ya baro garinsu ya zo nan yana ƙera sanyi?" Tun daga lokacin na san duk maganar da ta shafi sanyi ba ni da baki a gidan nan.

Da fari hitar lantarki na saya. Sai dai wayoyin mulhak ɗin sun tsufa, kuma wankan jego ba ya wasa da ruwan zafi. Da an kunna hitar ɗaki tare da ta ruwa sai wuta ta ɗauke, maijego tana tsakiyar wanka, Inna tana salati cikin duhu. Na je wurin mai benen, ya yarda a kafa daffaya, wato hitar ɗumama ɗaki mai aiki da gas, irin wadda ake maƙalawa a bango, da sharaɗin mai sana'ar ne zai kafa. Ban yi gardama ba. Na san injin sanyi, amma gas ba fagena ba ne, kuma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Wanda ya zo wani Basudane ne mai furfura a gemu. Ya ajiye tukunyar gas a waje, cikin inuwar tanki, ya ce kada ta taɓa kwana a ɗaki. Ya ja sabon tiyo, ya ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe, ya fitar da bututun hayaƙi ta bango. Sannan ya haɗa kumfar sabulu a kofi ya shafa wa kowace mahaɗa, muka durƙusa muna kallo ko za ta yi ƙwai. Ba ta yi ba. Ya ce in riƙa yin haka duk sanda aka canza tukunya, kuma kada a shanya ko da hular jaririya a jikin daffayar. Da ya kunna, wutar ta tashi shuɗiya, a jere, ba ta rawa.

Daga nan ya ɗauko injin huda bango ya yi wani huji a ƙasa, kusa da daɓe, faɗinsa kamar bakin kwano, ya sa masa raga. Nan take na ji iskar waje ta taɓa mini ƙafa.

"Wannan kuma na mene ne?" na tambaye shi.

"Kafar iska ce, ya zol," in ji shi, kamar yadda mutanen ƙasarsu ke kiran mutum. "Wuta ma numfashi take yi. In ka toshe nan, hayaƙi ba zai fita ta sama ba, ɗaki zai dawo. Kuma ba irin hayaƙin da ka sani ba ne. Gas in ya zuba za ka ji wari, wannan ba ya wari, ba a ganinsa. Ciwon kai ne, sai barci, shi ke nan. In ka ga wutar ta koma ruwan ɗorawa, kashe ta, buɗe taga." Ya kuma maƙala wata 'yar farar ƙararrawa a bango, ya ce ita ce hancinmu, in gubar ta taru za ta yi kuka.

Duk wannan da Larabci ya faɗa, Inna kuwa tana banɗaki ita da maijego har ya tafi. Da suka fito ɗakin ya yi ɗumi, na ji ta sa wa daffayar albarka. Can kuma na ji ta ja salati. Ta ga hujin.

Washegari da safe, suna wurin wanka, na leƙa ɗakin don in duba launin wutar. An cusa wani tsohon zane mai ruwan ƙasa a cikin kafar, an danna shi sosai da hannun wanda ya san aikinsa. Na zare shi, na ninke, na ajiye a kan kujera, na tafi aiki. Da na dawo da yamma ya koma wurinsa.

Haka muka shiga yi. In zare da safe, ta mayar kafin in kai ƙasan bene. In na durƙusa gaisuwa sai ta ce, "An tashi lafiya? Ya ɗari?" in ce, "Lokacinsa ne, Inna," alhali ni da ita mun san inda zanen yake. Na ɗauke shi na ɓoye a bayan tanki, sai ta sa tsohuwar rigata ta aiki. Na ɗauke rigar, ta sa buhun da geron ya zo a ciki.

Na samu matata ita kaɗai a kicin na yi mata bayani tiryan-tiryan, kamar yadda Basudanen ya yi mini. Ta saurare ni tana jijjiga jaririya.

"Na gaya mata, Malam," ta ce. "Wallahi na gaya mata."

"Me ta ce?"

"Ta ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta ce ita da garwashi a ƙarƙashin gado ta yi jegonmu duka, ƙofa a rufe, ga mu nan da ranmu. Ta ce ba ta jin warin komai."

"Ai matsalar ke nan, ba ya wari!"

"To kai ka gaya mata mana."

Ta san ba zan iya ba, shi ya sa ta faɗa. Ina da amsa a bakina: ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ta ko'ina yake shan iska, ko ka rufe ƙofa akwai inda hayaƙi zai bi, wannan kuwa siminti ne da tagar alminiyon mai roba a gefe. Amma yaya zan tsaya gaban matar da ta haifi matata, ta goyi 'ya'ya ta yaye, in ce mata ba ta san jego ba? Na kira wani dattijon ɗan garinmu da ke unguwar Malaz don ya sa baki. Ya yi dariya ya ce, "Tsakanin mutum da surukarsa? Rufa mini asiri." Na yi tunanin kwance daffayar gaba ɗaya, sai na tuna yadda leɓen jaririyar ke karkarwa kafin a kafa ta.

Abin da na iya shi ne in kashe gas daga tukunya kafin a kwanta, in ce dokar mai bene ce. Da rana kuwa gidan a hannun Inna yake. Ina Sulai cikin ɗakin sanyi, sanye da rigar da ta yi mini nauyi, amma zuciyata tana Nasim, tana durƙushe gaban wancan huji. Kira nake yi ba ƙaƙƙautawa. In matata ta ɗauka sai in rasa abin faɗa, in ce, "Wane launi wutar take?" Har ta fara amsa wayar da cewa, "Shuɗiya ce, Malam, sai an jima." Abokan aikina suka sa mini suna mai gadin murhu. Na yi dariya tare da su, amma tsoro nake ji, tsoro na gaske.

Sai maijego ta fara ciwon kai. Da yamma in na dawo in tarar ta ɗaure goshi da ɗankwali, ta ce kanta kamar ana daka. In na buɗe ƙofar falo iska ta ratsa, bayan ɗan lokaci sai ta ce ya lafa. Ni na san abin da wannan ke nufi. Inna ma ta san abin da yake nufi a wurinta: sanyi ne ya fara shiga. Don haka ta ƙara kunun kanwa, ta bi gefen taga da tsumma, ta shimfiɗa tawul a ƙarƙashin ƙofa. Duk abin da ya tsorata ni ita ma ya tsorata ta, sai dai maganinta shi ne cutar da nake gudu. Na ce wa matata gobe in Allah ya kai mu zan yi wa Inna magana da bakina, ko me zai faru ya faru. Goben ta zo, na durƙusa a bakin ƙofa, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Inna, an tashi lafiya?"

Ran nan da hadari aka tashi, ana yayyafi mai sanyi, irin ruwan da ke rikita garin nan don ba a saba da shi ba. Da hantsi na kira, matata ta ce jaririya ta hana su sakat, kuma wannan abar ta bango ta dame su da ƙara. Kafin in ce wace aba, aka kira ni, wani inji ya tsaya, magunguna na cikin haɗari. Ina kwance ƙarƙashin injin da sifana a hannu maganar ta dawo mini. Abar bango. Ƙararrawa. Na fito na kira, ba a ɗauka ba. Na sake kira. Na kira wayar Inna, wadda dama ba ta ɗauka in ta ga ni ne. Na kira mai gadin benen, wayarsa a kashe, lokacin azahar ya yi.

Ban tuna na nemi izinin kowa ba. Na dai ga kaina a mota a kan da'iri, babban titin da ya zagaye gari, ruwa ya taru, motoci sun cushe kamar an ɗaure su da igiya. Ina danna waya da hannu ɗaya, ina jin ta tana ringi a ɗakin da ba na gani. Na yi addu'ar duk da na sani, na dawo na fara daga farko. Na yi wa Allah alkawura. Na zagi kaina, na zagi Basudanen da ya huda bango, na zagi wanda ya ƙirƙiro kunya. Wani mai jibgegiyar mota ya sha gabana, na danna masa hon har ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Ina cikin cunkoson na kira motar asibiti na ba su kwatancen gidan.

Da gudu na hau benen. A kan matakala ta ƙarshe, a bakin ƙofarmu, na ga wani ƙunshi an naɗe da zane an ajiye a gefe, kamar ƙunshin goro. Na taɓa shi da ƙafa, 'yar farar ƙararrawar ta gangaro. Ashe ta yi kuka ta tashi jaririya, Inna ta ɗauka lalacewa ta yi, ta fitar da ita waje inda ta samu iska ta yi shiru.

Ban yi sallama ba, ban yi gyaran murya ba. Na banke ƙofar ɗakin, tawul ɗin ƙasa ya naɗe. Zafi ya buge ni a fuska. Wutar daffayar ta zama ruwan ɗorawa, tana lanƙwasa, baƙi ya yi layi a bangon samanta. Matata tana kwance a gado, jaririya a gefenta, Inna na zaune a tabarma ta jingina da bango, carbi a hannu, kanta ya faɗo kan ƙirji. Na kashe wutar, na fizge tsummokaran taga na buɗe ta, na ciro buhun daga kafar na yi jifa da shi. Na ɗauki jaririyar na fita da ita cikin yayyafi. Jikinta ya saki, kuma ba ta yi kuka ba. Na murza bayanta, na hura mata fuska, ina kiran sunan Allah. Sai ta yamutsa fuska ta tsala ihu. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

Na koma na jawo matata, tana tafiya tana haɗa hanya, tana tambaya me ya faru. Sannan na koma wurin Inna. Na kama kafaɗarta na girgiza, ni da ko inuwarta ba na takawa. Ta buɗe ido da ƙyar. Abin da ta fara gani taga ce a buɗe, abin da ta fara faɗa kuma shi ne, "A rufe, maijego..."

Na dube ta ido cikin ido na ce, "Inna, za ki kashe su! Kashe su za ki yi!" Da ƙarfi na faɗa, har maƙwabta suka ji.

A asibiti aka sa musu abin shaƙar iska su uku, aka ɗebi jini, aka riƙe su zuwa washegari. Likita ta ce an yi sa'a, ta ƙara da wasu maganganu da ban so in riƙe ba. Na koma baranda na zauna. Tsoron mutuwa ya tafi, wani ya maye gurbinsa: da wane ido zan sake durƙusawa gaban matar nan?

Da safe na je bakin labulen gadonta na durƙusa. Na ce, "Inna, ya jiki?" Da ta yi magana, bango take kallo kamar kullum, kuma ba da ni take yi ba, da bangon take yi.

"Ina da ƙanwa," ta ce. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Ta haihu da ɗari irin wannan, ni aka sa in yi mata wanka. Ƙyauren ɗakin ya ɓalle ta ƙasa, na ce gobe a gyara. Jikinta ya kumbura, numfashi ya gagara. Ba ta yi arba'in ba. Kowa ya ce sanyi ne ya shige ta." Ta gyara mayafinta. "Tun daga ranar ban sake ganin kafa a ɗakin maijego na bar ta ba."

Ni ina ta ganin taurin kai ne, ashe ita ma gadi take yi.

Kafin su dawo na kira Basudanen. Ya kwance daffayar ya goge baƙin da ya taru a bakin wutar, ya zura waya a bututun hayaƙi, ya sake shafa kumfarsa, ya mayar da ƙararrawar bango ya danna ta ta yi ƙara. Duk da haka na yanke shawarar ba za a sake kunna ta ba sai ina gida, in ya so a lulluɓa da barguna. Da suka dawo na gaya wa matata, ita kuma ta shiga ta isar.

Daga cikin ɗaki na jiyo muryar Inna. "A tambaye shi, in mutum ya zauna kusa da ramin nan, ya toshe shi?"

Na amsa daga falo, ni ma ina kallon bango. "In an bar kamar kamu biyu tsakani, bai toshe ba, Inna."

"Wutar kuma shuɗiya ake so?"

"Shuɗiya, Inna. In ta canza a kashe, a buɗe taga. In abar bango ta yi kuka a fita waje."

"To a bar ta a kunne. Yarinya ba za ta zauna a ɗari ba."

Washegari na shirya zan tafi aiki. Na yi gyaran murya, na durƙusa a bakin ƙofa, na saci kallon ƙasan bango. Kafar a buɗe take, ragar tana nan tas, har ina ganin hasken waje ta ciki. Inna ta ɗauke tabarmarta daga kusa da daffaya, inda ya fi ko'ina ɗumi, ta shimfiɗa ta tsakanin kafar da gadon 'yarta. Ta auna kamu biyun ta bari. Tana zaune ta ba hujin baya, ta yafa zanen nan mai ruwan ƙasa, iska tana kaɗa gefensa, idonta a kan wutar.

Na ce, "Inna, wurin nan da sanyi. A koma can ciki."

Ba ta juyo ba. Ta ja carbinta ta ce wa bango, "A gaya wa mai ƙera sanyi ya tafi aikinsa. In sanyin ya shigo, ni zai fara tararwa."

A nan ta zauna har suka yi arba'in, da tari ta koma Malumfashi.